Turaren Wakra da Hukuncin Auta

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, Shi da Ya kai ni ƙasar da ban sani ba, Ya kuma dawo da ni ɗakina lafiya.

Tun ranar da na sauka daga Doha zaurena bai huta ba. Abokan sahu na masallacin unguwa da tsofaffin abokan aiki na ofishin ilmi, kowa ya zo da tambaya guda: Malam Haruna, yaya ƙasar take? Na ba da labari har muryata ta dushe, na kuma lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri a hanya, har na ji an ce wai wani attajiri ya ba ni raƙumi. Saboda haka na ga gara in rubuta shi sau ɗaya da hannuna, in huta.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. 'Yata ta ƙarshe, Bilkisu, wadda muke kira Auta, ta yi shekara biyu a can tana karatun digiri na biyu. Da ta kammala, jami'ar ta yi mata tayin ƙarin shekara huɗu don digiri na uku, aka ba ta wa'adi zuwa wata Alhamis: ko ta sa hannu, ko a ba wani gurbin. Ita kuwa ta ce ba za ta sa hannu ba sai da yardata. Da maganar ta zo gaban dangi, ƙanena Alhaji Sule ya tambayi abin da take karantawa. Na ce littattafan da matafiya na dā suka rubuta a kan mutanen Ailan, wani tsibiri yamma da Ingila.

Sule ya ajiye carbinsa, ya ce, "Yaya, wato 'yar Katsina ta tafi ƙasar Larabawa don ta karanta gulmar da Turawa suka yi wa Turawa? Ga likitanci, ga aikin lauya! Ka ce ta dawo gida."

Na ce masa ya dakata tukuna. Ni dai na yi shekara talatin da biyu ina sufeton makarantu, ban taɓa yanke wa makaranta hukunci ba sai na je na gani da idona. Na ɗauki sabon littafin rubutu da jar biro irin wadda na saba aiki da ita, na kama hanya.

Daga Katsina zuwa Kano babu abin faɗi, sai dai Hajiya ta cika mini jaka da kilishi da goro da kwalbar daddawa, ta ce 'yarta ta rame. Jirgi ya ɗaga da mu, aka yi ta kawo abinci a ƙananan akusa kamar na wasan yara, na ci, na yi sallah a zaune. Da muka sauka, jama'a, filin jirgin nan gari ne sukutum! A bakin shiga ƙasa aka ce in kalli wani gilashi, gilashin ya kalle ni, ƙofa ta buɗe da kanta. A wurin binciken kaya ne jami'i ya buɗe kwalbar daddawa, ya ja da baya taki biyu. Na gyara tsayuwa na yi masa bayani da Larabcin da na koya a zaure, na ce wannan 'ya'yan itaciya ne da ake dafawa a rufe su har su nuna, kuma halal ne tsarkakakke. Ya buɗe baki yana kallona, ya yafito abokin aikinsa, ya ce in sake faɗa. Na sake. Suka ce Larabcina irin na huɗubar Juma'a ne, suka rufe kwalbar da sauri, suka ce, "Yalla, wuce, ya Hajji." Na shiga Katar da daddawata da mutuncina.

A waje Auta ta durƙusa ta gaishe ni, ban ga wata rama ba. Tare da ita akwai wani mutum mai furfura a gemu, shi ma ya zube har ƙasa. Sai da ya ɗago na gane shi: Ɗanladi ne, ɗalibina tun ina malamin firamare kafin in zama sufeto. Shekararsa goma sha ɗaya a can yana tuƙa wani dattijo Balarabe, kafil ɗinsa, wato mutumin da ya tsaya masa ya shigo ƙasar aiki.

An sama mini ɗaki a Bin Umran, unguwar tsofaffin gidaje da ƙananan kantuna, kusa da inda Auta ke zaune da 'yan uwanta ɗalibai mata. A waje zafi kamar bakin tanda, a ciki sanyi kamar randa, har na riƙa sa rigar sanyi da tsakar rana. A kan layinmu kaɗai na ga Ba'indiye mai shayi, da Bamisire mai aski, da 'yan Kano uku masu gadi da suka zo gaishe ni da kakinsu. Ran Asabar Auta ta shigar da ni jirgin ƙasa mai tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Na nemi in gaisa da direba, ta kai ni can gaba, na tarar babu kowa, gilashi ne kawai da duhu yana tahowa! Na yi salati da ƙarfi, wani yaro da uwarsa suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Duk wannan na rubuta a littafina.

Ran Lahadi Ɗanladi ya zo da saƙo: kafil ɗinsa, Abu Rashid, ya ji malaminsa ya zo, yana gayyatata cin abincin rana a gidansa da ke Wakra, garin masunta a bakin teku. Na sa babbar riga mai aska takwas. A mota Ɗanladi ya fara cewa, "Malam, akwai 'yan abubuwa game da zaman majalisarsu da ya kamata..."

Na ɗaga masa hannu, na ce, "Ɗanladi, na zauna a gaban hakimai da alƙalai tun kana cin ƙasa. Ɗalibi ba ya koya wa malaminsa zaman majalisa. Duba hanya."

Ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Abu Rashid tsoho ne dogo, hannuwansa duk kanta, don a kwalekwale ya girma. Ya rungume ni, ya zaunar da ni a damansa. Babban ɗansa Rashid, injiniya mai 'ya'ya, shi ya ɗauko butar gahawa. Ya zuba mini a finjali, amma ko sulusin finjalin bai cika ba, kurɓi ɗaya ya ƙare. Na miƙa masa, ya sake zuba kurɓi ɗaya. Na sha, na miƙa. Haka muka yi ta yi, yana tsaye a kaina, har na daina ƙirga. Aka kawo shinkafa da rago a farantin da zai ƙosar da ma'aikata goma, da wani tuwon alkama da aka tuƙa da nama har ya narke. Na ci na yaba. Muna wanke hannu sai aka shigo da kaskon turare. Ƙamshin nan ban taɓa jin irinsa ba! Abu Rashid da kansa ya miƙo mini, na buɗe hannun riga na turara, na turara gemu da hula.

A wurinmu, kowa ya sani, ana kunna turaren wuta ne don baƙo ya shigo ya ji daɗin zama. Na ce a raina, yanzu ne aka yi mini maraba ta gaskiya. Na jawo matashi na kishingiɗa, na soma ba su tarihin Katsina tun daga ganuwa. Sauran baƙi suka tashi ɗaya bayan ɗaya, na ɗauka ba su da sha'awar tarihi. Ɗanladi yana ta tari daga bakin ƙofa, na ce a ba shi ruwa. Muka yi la'asar, na dawo na ɗora daga inda na tsaya. Aka sake kawo turare, na sake turarawa, na ƙara godiya. Sai dab da magariba na yi sallama.

Da na koma masauki na rubuta abu biyu. Na farko, mutanen ƙasar nan suna da dukiya, amma hannunsu a matse yake wajen gahawa. Na biyu, suna da jinkirin maraba, sai baƙo ya ci ya sha sannan su tuna da turare.

Ran Litinin na bi Auta ɗakin karatu na jami'a. Wuni guda tana gaban kwamfuta tana duban hotunan tsofaffin shafuka masu rubutu kamar tafiyar tsutsa. Na zauna a gefe kamar yadda nake zama a bayan aji. Da yamma na rubuta hukuncina: ban ga abin da wannan karatu zai amfana wa Katsina ba. Na ja layi a ƙarƙashi. Ban gaya mata ba, amma ta ga fuskata.

Ran Talata malamarta ta gayyace mu shayi a ofishinta. Sunanta Dakta Nora, dattijuwa ce 'yar Ailan mai farin gashi da saurin magana. Ɗanladi ne ya kawo mu, ta hana shi jira a mota, ta ce shayi na kowa ne. Na fito da kilishi na miƙa mata. Ta ce a'a, ta gode. Na sake miƙawa, ta ce wallahi yanzu ta ci abinci.

Auta ta raɗa mini, "Baba, ta ce a'a."

Na ce, "Bakinta ne ya ce a'a. Dubi idonta."

Na miƙa na uku. Matar nan ta kwashe da dariya, ta yagi babban yanki, ta ce da Turanci rabon da a yi mata tayi yadda ya kamata tun barinta gida. A garinsu, in ji ta, wanda ya karɓa a tayin farko ba shi da tarbiyya, wanda kuma ya yi tayi sau ɗaya ya janye marowaci ne. Na ce, "Dakta, ashe ku Katsinawa ne!" Daga nan hira ta buɗe.

Ta ce wa Auta ta gaya mini abin da matafiyan nan suka rubuta. Auta ta gyara zama, ta juya zuwa Hausa.

"Baba, yawancinsu daga Ingila suka je, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Sun ce mutanen Ailan ba su waye ba, don in lokacin ciyawa ya yi sai su kwashi shanu su hau tuddai, su kafa bukkoki, su rayu a kan nono da man shanu."

Na ce, "Wannan ai mashekari ne. Kakata ta wajen uwa haka ta rayu."

"Sun ce suna yafa wani babban bargo, shi ne riga, shi ne shimfiɗa. Sun ce sarakunansu na tsoron mawaƙa, don mawaƙi na iya ɗaga mutum da kirari, ya kuma kayar da shi da zambo."

"Maroƙa ke nan! Ci gaba."

"Abin da ya fi ba su haushi shi ne, mutum ya ɗauki ɗansa na cikinsa ya kai wani gida a rene shi. Yaron ya tashi yana ƙaunar gidan riƙo kamar gidan ubansa, ko fiye. Sun ce wannan alamar rashin tausayi ce, kuma ita ke ɓata ƙasar."

Nan na miƙe tsaye. Ni da nake magana ɗan riƙo ne. Ina shekara biyar aka kai ni gidan Baffa Isiyaku a Rimi, shi ya sa ni makaranta, matarsa Inna Kulu ita na yi wa kukan uwa ranar da ta rasu. Zumuncin gidajen nan biyu har yau bai tsinke ba. Na ce da Turanci, "Shin waɗannan mutane sun tambayi ko mutum ɗaya dalili?"

Dakta Nora ta ce da wuya. Galibinsu ba su jin harshen ƙasar, sukan sauka ne wurin sojoji da masu mulki, su leƙa ƙauye, su koma su rubuta. Kuma waɗanda suka karanta littattafan su ne suka riƙa yanke hukunci a kan gonakin mutane da harshensu. Ta ce a gidansu ana ba da labarin zamanin da ake rataya wa yaro ɗan itace a wuya, duk kalmar da ya yi da harshen uwarsa a yi tsaga ɗaya, a biya shi da bulala.

Ɗanladi ya sunkuyar da kai cikin kofinsa, ya ce a hankali, "Mu ƙashin saniya ne aka rataya mana in mun yi Hausa, Malam. A aji huɗu."

Ajina ne. Na yi kamar ban ji ba, don in kauce wa maganar na zaro littafina, na ce, "Matafiyi na gari abin da ya gani yake rubutawa, babu ƙari babu ragi. Ku saurara ku ji yadda ake yi." Na karanta musu abu biyun nan da na rubuta a kan mutanen Wakra, na fassara wa Dakta.

Ɗanladi ya ƙware da shayi. Ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta fi ƙarfinsa, har ya zamo daga kujera yana cewa, "Tuba nake, Malam, tuba nake!"

Na ce, "Kai, mene ne?"

Ya share hawaye, ya ce, "Ranka ya daɗe, cika finjali a nan zagi ne, ma'anarsa sha ka tafi. Kaɗan ake zubawa don ta zo da zafi, mai gida kuma ya yi ta yi maka hidima. In ka ƙoshi sai ka girgiza finjalin. Kai ba ka girgiza ba, shi ya sa injiniya ya tsaya a kanka har ƙafarsa ta sage."

"To, turaren fa?"

"Turaren sallama ne, Malam. In ya zagaya, an tashi ke nan. Sau biyu aka kawo maka. Abu Rashid zai je gaisuwar mutuwar abokinsa bayan la'asar, bai samu zuwa ba. Washegari ya ce da ni, Ɗanladi, a ƙasarku in aka yi wa baƙo turare kwana yake yi?"

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na fara a mota, ka ce in duba hanya."

Ban taɓa jin ofis ya yi mini ƙunci kamar wannan ba. Dakta Nora ta ƙara mini shayi ba tare da ta tambaya ba. Auta ba ta yi dariya ba. Ta jira har na zauna, sannan ta ce, "Baba, kai kana jin Larabci, kun yi sallah sahu ɗaya da su, kuma da kyakkyawar niyya ka je. Waɗancan ba su da ko ɗaya cikin ukun nan, kuma da littattafansu aka yi mulki. Mu ma akwai irinsu a kanmu, a kan Katsina da Kano da Sakkwato, kantoci cike, har yau ana karanta su. Mutanen Ailan sun daɗe suna bin nasu layi layi, suna ware abin da matafiyi ya gani da abin da ya zata. Sana'ar nake koya a wurinsu. In na iya, namu zan juya wa."

Ban amsa mata ba. Akwai wanda ya riga ta haƙƙin jin bakina.

Ran Laraba bayan azahar na sa Ɗanladi ya mai da ni Wakra, a hanya kuwa na ce ya koya mini zaman majalisa daga farko, ya koya mini. Na ce masa kuma maganar ƙashin saniya ta tsaya mini a rai, ya yafe mini. Ya ce ya daɗe da yafewa, amma ya ji daɗi da na faɗa. Na ba Abu Rashid haƙuri da mafi kyawun Larabcina, na yi masa gaisuwar abokinsa. Tsohon nan ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya ce shi ma ya riga ya gaya wa abokansa cewa mutanen Nijeriya cikinsu rijiyar gahawa ce, dole ya je ya warware. Sannan ya ce tun da ranar tambaya ce, me ya sa Ɗanladi, mutum mai furfura, ya tsuguna a gabana? Shi ya zaci tsorona yake ji. Na bayyana masa gaisuwar malami a wurinmu. Ya tambaye ni goro, na tambaye shi yadda ubansa ya riƙa nitso don neman lu'ulu'u da numfashi ɗaya. Na sha finjali uku, na girgiza, Rashid ya ɗaga ido sama ya ce alhamdu lillahi. Da kaskon turare ya shigo, na turara, na zabura da saurin da hannun rigata ya kusa kifar da shi. Abu Rashid ya riƙe ni yana cewa, "Sannu a hankali, ya Hajji, ba wuta ba ce!" Ya ƙulle mini guntun itacen turaren a ƙyalle ya ba ni.

Ran Alhamis da hantsi na kira Auta. A gabanta na buɗe littafina, na cire murfin jar biro. Ban yage shafi ko ɗaya ba. A gefen maganar gahawa da ta turare na rubuta abin da nakan rubuta wa malamin da bai shirya darasi ba: ba a yi bincike ba, a sake. Na juya zuwa hukuncin ran Litinin, na bari ta karanta shi, sannan na soke shi da layi biyu.

Na ce, "Ki yi karatunki, Allah Ya yi albarka. Sharaɗina ɗaya ne. In kin zo kan namu, kada ki tsaya ga takarda. Ki je Rimi ki tambayi tsofaffi, kuma in direba ya fara magana ki bar shi ya ƙarasa."

Na miƙa mata biron don ta sa hannu. Ta karɓa da hannu biyu tana hawaye tana dariya, ta ce ai a waya ake yi. Ta danna wuri ɗaya da ɗan yatsa, shekara huɗu suka tabbata. Biron dai ba ta mayar mini ba, ta kuma roƙi littafin, ta ce irinsa take nema, na matafiyin da ya koma ya tambaya. Na bar mata.

Kwana biyu da dawowata Alhaji Sule ya zo da safe, ya ce, "Yaya, ina Auta?" Na ba shi labarin nan duka, ban ɓoye ko kurɓi ɗaya ba. Ya yi ta musu har azahar, muka ci abinci, ya ci gaba. Daga bisani ya nisa ya ce, "To, in dai ƙarshenta kanmu za ta dawo, ta yi. Amma ni har yanzu likitanci ya fi mini."

Na ga magana ta ƙare, ni kuma ina son in ɗan miƙe. Na aika cikin gida aka kawo garwashi, na ɗora guntun itacen Abu Rashid, na miƙa masa kaskon da hannuna. Sule ya turara gemu, ya lumshe ido, ya ce, "Kai, Yaya, wannan ƙamshi! Miƙo mini matashin can."

Sai bayan la'asar ya tafi. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sa kowace ƙasa da nata turaren.